Haske marar wuta

Fitila tana ba da haske saboda kananzir yana ƙonewa. Amma akwai hasken da ba ya bukatar wuta. Ana samun shi in wasu sinadarai suka haɗu. A shekarar 1962 wani masani na Amurka, Edwin Chandross, ya gano haɗin da ake yin sandar haske da shi.

Sandar haske bututun roba ce mai tsawon alƙalami. Cikinta akwai ruwan sinadari mai launi da wata ƴar kwalba. Kwalbar tana ɗauke da ruwan oksijene, irin wanda ake wanke ciwo da shi a gidan likita. In aka lanƙwasa sandar, sai kwalbar ta fashe, ruwan biyu su gauraya, haske ya fito. Sandar ba ta ƙona hannu.

Ga gwajin da ake yi a ɗaki mai duhu. Ana lanƙwasa sanda uku lokaci guda. Ta farko a sa ta cikin ruwan ƙanƙara, ta biyu cikin ruwan randa, ta uku cikin ruwan zafi. Ta ruwan zafi ta fi haske, amma ita ke fara mutuwa. Ta ƙanƙara dushi-dushi take, amma ta fi daɗewa.

Mine ne dalili? Kowane ruwa yana da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Sai sun yi karo da ƙarfi sannan haɗin ya yiwu. Zafi yana sa su gudu, karo ya yawaita, ya kuma ƙara ƙarfi. Sanyi yana rage musu gudu. A 1889 Arrhenius, masanin ƙasar Suwidin, ya bayyana wannan da lissafi. A haɗi da yawa, ƙarin digiri 10 yana ninka saurin aiki kusan sau biyu.

Ke nan zafi bai ƙara wa sandar sinadari ba. Ya dai sa ta cinye abin da take da shi da sauri, kamar gidan da ya cinye hatsin rumbu tun kafin damina.

Haka magani yake. Zafi yana saurin lalata shi. Shi ya sa ake ajiye shi a inuwa, wuri mai sanyi.

Tambayoyi
1. Wace sanda ce ta fi daɗewa? Don mi?
2. Don mi ba a barin magani cikin rana?