Na'urar Juya Fim: Abin da Tsofaffin Finafinanmu Ke Jira

A shekarar 2016 aka gano faya-fayen fim ɗin Shaihu Umar a wata ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, bayan an daɗe ana zaton ya ɓace. Adamu Halilu ne ya shirya shi da Hausa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma gano gwangwanayen faya-fayen bai sa an iya kallonsa ba. Sai da cibiyar Arsenal ta Jamus ta juya shi zuwa kwamfuta ta gyara shi, kafin a nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Darasin a fili yake: fim yana rayuwa ne gwargwadon rayuwar na'urar da za ta karanta shi, kuma al'ummar da ba ta tanadi wannan na'ura da gwanayenta ba, tarihinta na hoto yana hannun sa'a.

Zaren fim dogon tsiri ne na roba da aka shafe da sinadari mai kama haske, da ramuka a gefe inda haƙoran na'ura ke kamawa. Mai faɗin milimita 35 shi ne na manyan gidajen silima. Mai milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923, ya fi araha da sauƙin ɗauka, shi ya sa masu majigi suka zaga garuruwa da shi, kuma da shi 'yan fim ɗin Nijar irin su Oumarou Ganda da Moustapha Alassane suka soma aiki. Kyamarori irin Arriflex ta Jamus da Bolex ta Suwizalan suna ɗaukar hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato fim mai awa biyu yana ƙunshe da hotuna 172,800. Kowane ɗayansu kuwa yana tsufa. Zaren farko, na naitiret, yana kama da wuta cikin sauƙi, har aka daina yin sa a farkon shekarun 1950. Na asitet da ya gaje shi ba ya ci da wuta haka, amma zafi da laima suna ruɓar da shi: ya fara warin tsami, ya tsuke, ya kanannaɗe, launinsa ya koɗe. Yanayinmu kuwa zafi ne da damina. Ko Amurka, duk da arzikinta, binciken ɗakin karatu na majalisar dokokinta a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinanta na zamanin da ba sauti sun salwanta.

A nan aikin na'urar juyawa yake. Ta dā, wadda ake kira telesin, tana gudanar da zaren ne gaban haske tana mai da shi bidiyo kai tsaye domin talabijin. Da yake talabijin ɗinmu hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, sai a ɗan ƙara wa fim ɗin gudu, kuma ingancin ba ya wuce abin da talabijin ke iya ɗauka. Sikana ta yanzu, irin ARRISCAN ko Lasergraphics, hoto ɗaya-ɗaya take ɗauka a ma'aunin 2K ko 4K, ta ajiye kowanne daban. Wasu suna jan zaren da tayoyi masu taushi maimakon haƙora, don zaren da ya tsuke kada ya yage. Wasu suna ratsa shi ta cikin wani ruwa da ke cike karce, har tabon ya ɓuya. Kafin duk wannan, sai gwani ya warware faifan da hannu, ya ɗinke inda ya tsinke, ya wanke shi.

Wani zai ce, me ya sa ba za a haska fim a bango da majigi a ɗauka da waya ba? Amsar ita ce majigi yana jan zare da ƙarfi ƙarƙashin fitila mai zafi, kuma tsohon zare yana iya ƙarewa a haskawa ɗaya. Hoton da za a samu ma mai ƙyafta ido ne, duhunsa ya cushe, haskensa ya wanke. Wani kuma zai ce kuɗin ya yi yawa ga ƙasar da asibiti da makaranta ke jira. Gaskiya na'urar tana da tsada, amma ba kowace jiha ke buƙatar tata ba. Cibiya ɗaya mai aiki, kamar ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, za ta iya ɗaukar nauyin yanki guda, kuma aika faya-faye waje yana da nasa kuɗin da haɗarin hanya. Ga shi kuma lokaci ba ya jira: ginin da aka jinkirta ana iya yin sa baɗi, zaren da ya narke kuwa ya tafi ke nan.

Ƙorafi mafi haɗari shi ne na masu ganin da zarar an juya, sai a zubar da gwangwanayen. Rumbun kwamfuta yana mutuwa cikin 'yan shekaru, dole a riƙa kwafe bayanan zuwa sabuwar ma'ajiya, alhali zaren da aka killace a wuri mai sanyi marar laima yana iya haura shekara 100. Sikanar gobe ma za ta tsamo abin da ta yau ta kasa gani, muddin asalin yana nan.

Wannan magana ta shafi Kano kai tsaye. Finafinan Hausa na bidiyo na farko, tun daga Turmin Danya a 1990, a kaset aka ɗauke su, kuma kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Kaset yana lalacewa, injinan karanta shi suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Saboda haka ya wajaba hukumomin fim, jami'o'i da furodusoshi su haɗa kai a tattara asalin faya-faye da kaset-kaset, a tanadi ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, a horar da matasa aikin juyawa, a kuma fara da waɗanda suka fi kusa da lalacewa.