Yadda ake gano abin da ke sa shafin intanet nawa

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da sauran masu ƙera shafukan intanet, nawar shafi asara ce ta data da lokacin jama'a. Manhajar Chrome na ɗauke da kayan awo kyauta mai suna DevTools, wanda sashensa na Performance ke naɗar duk aikin da shafi ya yi yayin buɗewa.

Bayanan na da yawa, don haka dole a zaɓi yadda za a baje su. Summary na kasa lokacin gida-gida. Bottom-Up na ɗora ayyukan da suka fi cin lokaci a sama, shi ya sa ake fara neman matsala a nan. Call Tree na nuna aikin da ya haifar da wani, Event Log kuma na jera su yadda suka faru.

Kafin awo, yana da kyau a rage saurin kwamfutar sau 4, a kuma rage na intanet. Idan ba haka ba, shafin da ke gudu a ofis zai iya tafiyar hawainiya a ƙaramar wayar ɗan kasuwa.