Taraktar da Ta Girmi Ɗana

Bakaniken da na ɗauko daga Funtuwa ko kallon fentin bai yi ba. Wata safiya ce a watan Fabrairun 2024, hazo ya rufe Kano, muka shiga wani fili da ake sayar da taraktocin kwance. Ni idona ya tafi kan wata ja jawur, tana sheƙi kamar amarya. Shi kuwa sai ya zagaya ta gefe, ya ɗora bayan hannunsa a jikin injin, ya ɗan jima bai ɗauke ba. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Malam, an tashe ta kafin mu iso. Da ɗuminta."

Na ce, "To ai sun kyauta. Mene ne aibun?"

Ya ce, "Injin da ya gaji ba ya son tashin asuba. Shi ya sa aka ɗumama mana ita."

Dillali ya yi ta rantsuwa, har da cewa wani Alhaji daga Haɗeja yana hanya da kuɗinsa a hannu. Muka ce Allah ya ba mai rabo. Washegari muna idar da sallar asuba muka koma ba tare da mun sanar ba. Sai da batir ya kusa mutuwa kafin ta kama, da ta kama kuwa hayaƙi shuɗi ya turnuƙe filin har maigadi ya bar shayinsa ya tashi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin malamin gona, ina bin ƙauyuka ina yi wa mutane wa'azin shuka masara da wuri. Da na yi ritaya na koma gonarmu ta gado a hanyar Bakori, kadada 12 da muke nomawa ni da ƙannena, sai na gane wa'azin ya fi aikin sauƙi. Mai tarakta zai karɓi kafin alƙalami tun watan Afrilu, ya ce maka jibi, jibin ta zama mako biyu. Ba ma lallai mugunta ba ce. Ruwa ɗaya ne ya sauka wa kowa, kowa kuma yana son haro a mako guda. Damina biyu a jere ina shuka a makare, a ta uku na ce kuɗin sallamata tarakta za su saya.

Sabuwa na fara tambaya, kuma ban daɗe ina tambayar ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Tarakta kuwa, ko a nan aka ɗaura ta, da dala aka sayo gaɓoɓinta. Muna samari akwai masana'antar Steyr a Bauchi, akwai ta Fiat a Kano, duk suna haɗa taraktoci, amma wannan aiki ya daɗe da tsayawa. Farashin da aka faɗa mini na sabuwa mai ƙarfin doki 75, ba garma ba haro, ya ninka abin da ke hannuna fiye da sau biyu.

A ƙasar nan idan manomi ya ce tarakta, yawanci Massey Ferguson yake nufi, kuma akwai dalili. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ayalan, shi ya ƙirƙiro hannuwan nan uku na baya da ake rataya garma, waɗanda mai ke ɗagawa ya sauke. Hikimar ita ce idan garma ta ci karo da ƙasa mai tauri, nauyin sai ya koma kan tayoyin baya, tarakta ta ƙara damƙar ƙasa maimakon ta yi ta tirje a wuri ɗaya. A 1946 aka fara ƙera ƙaramar taraktarsa a wata masana'anta a birnin Kobantiri na Ingila. A wannan masana'anta aka fitar da Massey Ferguson samfurin 135 da 165 a 1964, aka fitar da 375 a 1986, aka kuma daina ƙera tarakta a cikinta a 2002. Saboda haka duk wanda ya nuna maka 375 ya ce sabuwa ce dal daga Ingila, ka dafe aljihunka. Sabuwar 375 ta yau daga Lahore take zuwa, kamfanin Millat na Pakistan ne ke ƙera ta da izinin masu sunan. Ba laifi gare ta ba, tarakta ce mai aiki. Laifin shi ne a manna mata takardar Ingila a karɓi kuɗin Ingila.

Wannan ci gaba da ƙerawa a Pakistan shi ne gatan mai tsohuwa. Injin Perkins mai silinda huɗu da ke cikinta, wanda tsarinsa ya samo asali tun shekarun 1960, har yau ana buga masa fistin da ringi da gaskit sababbi. Babu wayar kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Bakanike da sifana da ɗan almajirinsa za su sauke shi a gindin darbejiya su mayar.

Kada mai karatu ya ɗauka talauci ne kaɗai ke sa a nemi tsohuwa. A Amurka, inda manomi ɗaya ke noma abin da gunduma guda take nomawa a nan, an yi shekaru ana rububin taraktocin ƙarshen shekarun 1970 irin su John Deere 4440 a wuraren gwanjo. Sababbin nasu kwamfuta ce ke tafiyar da su, idan ta hango matsala sai ta rage wa injin ƙarfi ko ta tsayar da shi, kuma sau da yawa sai wakilin kamfani ya zo da na'urarsa kafin a warware. Rigimar ta kai jihar Kolorado ta kafa doka a 2023 da ta ba manoma 'yancin gyara kayansu, a Janairun 2025 kuma hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kai kamfanin John Deere kotu a kan batun. Amma in faɗi gaskiya, hujjarsu ba tamu ba ce gaba ɗaya. Yawancin sababbin da ake kawo mana daga Indiya da Pakistan, irin su Mahindra da Sonalika, su ma masu sauƙin gyara ne. Inda darasin ya shafe mu shi ne kwancen Turai na baya-bayan nan, masu ɗakin direba da gilashi da na'urar sanyi. Suna da kyau a ido. Injinsu kuwa ba ya jure gas ɗin jarka mai ruwa da ƙura, kuma ranar da wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, babu mai karanta maka ita daga Funtuwa har Zariya.

Wadda muka saya a ƙarshe tana can ƙuryar wani fili dabam, fentinta ya koɗe ya koma kalar jar ƙasa, kujerarta an ɗaure da roba. Lambar da ke jikinta ta nuna ƙirar 1990 ce, wato ta girmi babban ɗana da shekara uku. Da ni kaɗai ne da na wuce ta. Bakanike ya yi kusan awa uku a kanta, ni kuma ina biye da shi kamar ɗan koyo.

Da sanyin safiya ta tashi a bugu na biyu. Ya tsaya yana kallon salansa, yana yi mini karatu: shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, ringi sun cinye, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, a zargi ruwa ko gaskit, baƙi kuwa galibi nozul ne ko matacin iska, shi ne mai sauƙin magani. Tata baƙi-baƙi ne. Ya zaro sandar awon mai ya murza a yatsa, ya ce in ka ga ya yi kalar shayi da madara to ruwa ya shiga, ka kama hanyarka. Ya buɗe murfin lagireto tun injin bai ɗau zafi ba, ya leƙa ko ruwan yana kumfa. Ya tara tafin hannunsa a bakin bututun numfashi da ke gefen inji, ya ji tana ɗan huci. Ya ce, "Za ta yi damina ɗaya a haka, amma ni da na sauke ta yanzu."

Agogon awa ya nuna 3,000 da 'yan kai. Ya yi dariya, ya nuna mini abin taka kuloci, ƙarfen ya sule sumul kamar dutsen guga. Ya ce ƙafar mutum ba ta cin ƙarfe haka a awa dubu uku. Agogon ko ya mutu ne tuntuni, ko an juya shi.

Sannan ya kwanta a ƙasa da tocila yana bin cikinta. A nan na koyi abin da ban sani ba duk shekarun aikina: irin wannan tarakta ba ta da ƙashin baya na daban kamar mota. Inji da gidan giya da gidan tayoyin baya, su ne aka ɗaure da notuna suka zama gangar jikinta. In aka ga walda a ɗayansu, ta taɓa karyewa ke nan, kuma inda ta karye nan za ta koma. Tamu ba walda. Daga ƙarshe ya sa aka rataya mata garma mai faifai uku, ya ɗaga sama, ya kashe injin, muka zuba ido. A hankali garmar ta riƙa sauka, kafin mu gama gaisawa da mai filin ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Malam, famfon ɗaga garma ya gaji. A sa shi cikin lissafi."

Kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Na biya ina murna, na karɓi rasit da takardun kwastan, muka gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe, domin ana satar tarakta kamar yadda ake satar shanu. Murnar ba ta kai Funtuwa ba. Aka sauke inji, aka sa fistin da ringi da hannun riga sababbi, aka kai famfon gas da nozul wurin masu saiti, aka canja kuloci da batir. Tayoyin baya guda biyu kaɗai sun ci abin da zai sayi babur. Da na tattara rasit ɗin, na ga na ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kuɗin saye. Ashe tsohuwar tarakta ba arha ba ce yadda ake zato, biya ne kashi-kashi: wani ka ba mai ita, wani ka ba bakanike, saura kuma ita da kanta za ta riƙa zuwa karɓa. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Famfon ɗaga garmar nan kuwa na ce a bar shi tukuna, kuɗi sun ƙare. Bakanike ya ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce Allah zai rufa asiri.

A mako na biyu na watan Yuni, ruwa ya sauka da daddare, ƙasa ta yi laushi yadda ake so, muna tsakiyar gonar ƙanena garma ta ƙi tashi. Famfon yana can cikin cikinta, nutse a mai, sai an cire kujera an ɗaga murfin sama kafin a kai gare shi. Ɗana ya bi motar asuba zuwa Kano, ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, ya kira ni ya ce iri uku aka nuna masa, farashi uku, kwali kuwa duk iri ɗaya. Na miƙa wa bakanike wayar, shi ya zaɓa. Kwana huɗu muka rasa, a lokacin da kwana ɗaya ya fi mako na rani daraja, har mutum biyu da na karɓi kuɗin aikinsu na mayar musu. Laifina ne, ba nata ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, a waccan daminar wata ƙungiyar manoma a maƙwabtanmu tana da sabuwa fil, wani samfuri da ba a saba gani ba a yankin. Wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba ya lalace mata, ta kwana a rumfa har masara ta kai gwiwa ana jiran saƙo daga Legas.

Tun daga nan na zama mai tsanani. Gas sai ya kwana biyu a duro ya kwanta kafin a zuba, kuma ba a kwashe na ƙasan. Littafinta ya ce a canja baƙin mai duk awa 250, ni ina yi a 200 saboda ƙurarmu. Kowace safiya direba zai sa giris ya duba matacin iska ina tsaye. Na hana shi ɗaukar yara a kan murfin taya, na hana kowa matsowa da babbar riga kusa da sandar baya mai juyawa idan an haɗa injin casar masara, don in ta kama tufa ba ta saki. Irin waɗannan tsofaffin da yawa ba su da ƙarfen kariya a saman direba, in ta kife a gangare babu abin da zai tare shi. Na sa an ɗaura mata.

Ba kowa zan ba shawarar ya bi sawuna ba. Ma'aikacin da ke zaune a Abuja yana noma ta waya, ya bar tarakta a hannun yaron da bai san zafin kuɗinta ba, tsohuwa za ta tsiyata shi, kullum da sabon labari da sabon rasit. Mai kadada ɗari biyu, wanda tsayawar kwana huɗu za ta jawo wa asarar miliyoyi, ya sayi sabuwa mai garanti daga wakilin da ke da shago da kayan gyara kusa da shi. Wanda ya samu sabuwa ta hanyar tallafi ko bashi mai sauƙi, ya karɓa da hannu biyu. Mai kadada biyu ko uku kuma, haya ko garmar shanu ta fi masa kwanciyar hankali. Tsohuwa ta mai matsakaiciyar gona ce wanda yake kwana kusa da ita, yake jin canjin kukanta, yake da bakaniken da zai ɗaga wayarsa ranar Juma'a da yamma.

Idan kana cikin waɗannan, kada ka jira gajimare ya haɗu. Ka fita nema a Janairu ko Fabrairu, lokacin da masu sayarwa ba su da ciniki kuma garejin bakanike ba layi. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ka ɓoye, kada dillali ya ji ƙanshinsu. Ka tafi da bakanikenka, kai za ka biya shi ladansa ba mai tarakta ba, kuma ku isa filin kafin a kunna ta.