Daga zafin barkono zuwa neman maganin raɗaɗi

Duk wanda ya taɓa tauna attarugu ya san yadda baki kan ɗauki zafi tamkar an ɗora masa garwashi, alhali babu wuta a kusa. Bin diddigin wannan al'amari ne ya buɗe wa masana kimiyya wata babbar ƙofa a fagen binciken raɗaɗi da kumburi.

A jikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam akwai wasu nau'o'in furotin da aikinsu shi ne karɓar saƙo. Kowannensu tamkar kwaɗo ne mai ɗan makullinsa. Da zarar sinadarin da ya dace ya shige shi, sai ya buɗe, jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa, mutum ya ji zogi.

Matsalar ita ce waɗannan makarɓa saƙo ƙalilan ne a jiki, kuma ba zai yiwu a riƙa yankar jijiyar mutane domin gwaji ba.

Yadda ake sarrafa su

Mafita ta samu ne daga dabarar haɗa sinadarin gado na DNA, wadda Stanley Cohen da Herbert Boyer suka ƙaddamar a Amurka a shekarar 1973. Akan ɗauki ɓangaren gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin da ake so, a dasa shi cikin ƙwayoyin bakteriya, ko na yis, ko na dabba da ake reno a ɗakin gwaje-gwaje. Daga nan sai su shiga samar da furotin irin na mutum. Ta haka ne ake iya gwada dubban sinadarai a kansa, a tace masu amfani tun kafin a kai ga marar lafiya.

A shekarar 1997, David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya yi ta dasa ɓangarorin gado daga jijiyoyin ɓera cikin irin waɗannan ƙwayoyi, har ya gano wanda ke amsa kiran kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji. Shi ne ake kira TRPV1. An kuma gano cewa zafin da ya haura kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas yana buɗe shi, abin da ya sa ƙwaƙwalwa ke ɗaukar yaji a matsayin ƙuna. Wannan aiki ya kai Julius ga samun kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Magungunan farko da aka haɗa domin toshe TRPV1 sun riƙa ɗaga zafin jikin waɗanda aka gwada a kansu, wasu kuma suka rage musu jin abu mai ƙuna, lamarin da ya sa aka dakatar da gwaje-gwaje da dama.

Furotin da ya zama magani

A ɓangaren kumburi kuwa, shi kansa makarɓin saƙon aka mayar magani. Sinadarin TNF na daga cikin masu rura kumburi a ciwon amosanin gaɓɓai. Masana sun sarrafa wani sashe na makarɓinsa domin ya zama tarko, ya cafke TNF kafin ya isa ga gaɓɓai. Wannan shi ne maganin Enbrel, wanda hukumomin Amurka suka amince da shi a 1998. Amma da yake yana raunana garkuwar jiki, yakan iya tayar da tarin fuka da ke kwance, don haka likitoci ke fara gwada marar lafiya kafin su ba shi. Ga kuma tsada da buƙatar ajiya cikin firji.

Babban burin wannan bincike shi ne samun maganin ciwo mai ƙarfi wanda ba ya kama jiki, saɓanin dangin tiramadol da kodin. Illar irin waɗannan ce ta sa Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, kuma masu fama da ciwo mai tsanani, kamar masu cutar sikila, suna cikin waɗanda suka fi buƙatar madadinsu.