Me ya sa Raspberry Pi ke amfani da TB 2 kacal a SSD mai TB 4?

A ce ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suna son haɗa wa wata makaranta a Jega ko Maiyama laburare da ba ya buƙatar intanet. Abu ne mai yiwuwa: manhajar Kiwix na ajiye Wikipedia gaba ɗaya a kan Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce girman katin ATM ba, ɗalibai su riƙa karantawa a wayoyinsu ta Wi-Fi.

A al'ada, daga katin memori wannan kwamfuta take tashi. Sai dai katin ba ya jure yawan rubutu da gogewa, ga shi bai cika girma ba. Shi ya sa ake komawa ga SSD, wanda ya fi shi sauri da ƙarko. Pi 4 ta 2019 da Pi 5 ta 2023 duk suna iya tashi daga SSD ta USB, muddin an saita musu hakan da raspi-config.

To, ina matsalar take? Ka sayo SSD mai TB 4 da tsada, ka ɗora masa Raspberry Pi OS, sai ka tarar rabinsa kawai ke amfani. Ba jabu aka sayar maka ba. Laifin na MBR ne, tsarin raba faifai da ake amfani da shi tun 1983. Yana ƙirga gurabe da lamba mai bit 32, wato gurbi kusan biliyan 4.3, kowanne bayit 512. In ka lissafa, TB 2 da 'yan kai ke nan. Kamar littafin mai rumbun albasa ne da gidan lambarsa huɗu kawai: daga buhu na 9,999 ba wurin rubuta na gaba, ko da rumbun da sauran fili.

Maganin shi ne GPT, mai ƙirga da bit 64, kuma Pi 4 da Pi 5 suna gane shi. Ka sauya tun faifan ba komai a ciki, don kuskure ɗaya na iya share duk abin da ka tara.

Sai batun wuta. In caja ba ta iya ba da amfa 5 a volt 5, Pi 5 na taƙaita wutar USB zuwa miliamfa 600, wadda ba lallai ta ishi SSD ba. Kuma SSD ma fayilolinsa na lalacewa in an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, don haka a sa batir ko sola cikin kasafi tun farko.