Tallafin Gwamnati ga Sufurin Jiragen Sama a Ƙananan Garuruwa: Misali Daga Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda gwamnati kan zuba kuɗi domin jiragen sama su ci gaba da sauka a garuruwan da kamfanoni ba sa samun riba a cikinsu. An ɗauki ƙasar Amurka a matsayin misali saboda daɗewar tsarinta.

2.0 Asalin Matsalar

Kafin shekarar 1978, wata hukumar gwamnatin tarayya ce ke ƙayyade wa kamfanoni hanyoyin da za su bi da kuɗin da fasinja zai biya. Ta haka ribar da ake samu tsakanin manyan birane take cike giɓin asarar da ake yi a ƙananan garuruwa. A shekarar 1978 Shugaba Jimmy Carter ya rattaba hannu a kan dokar da ta sakar wa kamfanoni mara. Tun da kowane kamfani ya sami 'yancin zaɓen hanyarsa, sai aka yi fargabar duk za su tattara su koma inda fasinja suke da yawa, su bar mutanen karkara da filin jirgi babu jirgi.

3.0 Yadda Tallafin Yake Aiki

Domin kauce wa haka, dokar ta ƙirƙiro shirin da ake kira EAS a taƙaice, wato sufurin sama wanda ya zama tilas. Da farko shekara goma aka ɗibar masa, amma majalisa ta yi ta tsawaita shi. Ma'aikatar Sufuri kan nemi kamfanoni su gabatar da tayinsu, ta zaɓi ɗaya, ta biya shi abin da kuɗin tikiti ya kasa cikawa. Shi kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin haɗa garin da wani babban filin jirgi, galibi zuwa da dawowa sau biyu a rana. Wani kaso na kuɗin yana fitowa ne daga harajin jiragen da ke ratsa sararin samaniyar da Amurka ke kula da shi ba tare da sun sauka ba, saura kuma daga kasafin majalisa.

A shekarar 2000 aka ƙara wani shiri na daban, wanda ke bai wa ƙananan garuruwa kuɗi don tallata filayensu, ko don lamunce wa kamfani cewa za a cike masa asararsa idan sabuwar hanya ba ta biya ba.

4.0 Muhawara

Masu suka suna ganin ɓarna ce a biya jirgin da ke tashi kusan babu kowa a cikinsa. Saboda haka a shekarar 2012 majalisa ta shardanta cewa garin da bai wuce mil 175 daga babban filin jirgi ba, sai ya samar da aƙalla fasinja 10 a rana. An keɓe jihohin Alaska da Hawaii daga wannan sharaɗi. A Alaska akwai ƙauyuka da yawa da mota ba ta isa, jirgi ne hanyar asibiti da wasiƙa da abinci.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa gina filin jirgi daban, samun jirgin da zai riƙa sauka a cikinsa daban. Tallafi yana amfani ne idan an ɗaure shi da sharuɗɗa bayyanannu, aka kuma bambanta garin da yake da wata hanya da wanda ba shi da ita.