Kafin Ka Ba Da Kuɗin Bindigar Farauta

A taron ƙungiya na bayan kaka, mutum uku suka yi mini tambaya iri ɗaya: wace bindiga ce mai araha wadda ba za ta ba mutum kunya ba? Birai sun gama da masarar wani, gyazbi ya shiga shinkafar wani, na ukun kuwa naman miya yake so da rani. Na ga ya fi kyau in amsa a nan domin kowa ya ji.

Maganar hukuma ita ce ta fari. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta ce bindigar ɗuri, wato adaka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da lasin ɗinta. Mai cin harsashi kuwa, baki ɗaya ko biyu, sai da izinin Sufeto Janar. Wadda ake ja ta ɗura kanta da kanta ba ta cikin irin da dokar ta sa a wannan layi, kada ma ka taya. Je ofishin 'yan sanda tukuna ka ji ko ana ba da lasin a lokacin, tun kuɗinka na aljihu. Lasin kuma da sunan mutum ɗaya yake fita. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗin garmar shanu kowa ya ara, amma bindiga ba a aronta.

To, wace iri? Ni shawarata mai baki ɗaya, lamba 12, wadda ake karyawa a sa harsashi. Kayan cikinta kaɗan ne, abin lalacewa kaɗan ne, harsashinta kuma ya fi sauƙin samu. Baikal ta Rasha, wadda ake ƙerawa a birnin Izhevsk, ta yi suna a kan wannan. Ba ta da kyan gani, takan kuma bugi kafaɗa, amma tana jure ƙura da wahala. Mai baki biyu tana da daɗi, sai dai in ka ga an sa mata kuɗin mai baki ɗaya, ka san akwai abin da mai ita bai faɗa ba.

Yawancinmu tsohuwa za mu saya, saboda haka nan ne zan daɗe. Kada ka duba ta da dare ko cikin ɗaki. Karya ta, ka tabbata babu harsashi, ka ɗaga bututun sama wajen haske ka leƙa. Ciki ya kamata ya yi sumul kamar madubi. In ka ga ƙananan ramuka, tsatsa ce ta ci ƙarfen, mai kuwa ba ya mayar da abin da tsatsa ta ci. Wani mai sayarwa yakan cika bututun da mai don ya rufe ramukan, sai ka ce a goge ka sāke dubawa. Bi bayan bututun da yatsa daga gindi har baki. Kumburi ko lotsawa, ko kaɗan ne, ajiye masa kayansa.

Daga nan rufe ta, ka cire katakon gaba, ka riƙe ƙotar ka girgiza. In bututun yana motsi a mahaɗa, ta sake ke nan, kowane harbi kuwa ƙara mata zai yi, har wata rana wuta ta fito ta baya wajen idonka. Duba katako inda hannun dama yake kamawa, nan yake fara tsagewa. Ɗana ta, ka bugi gindinta da tafin hannu. In kunama ta faɗi ba wanda ya taɓa ta, wannan bindiga za ta tashi ranar da ka yi tuntuɓe a kunya.

Akwai rubutu a gindin bututu mai nuna tsawon harsashin da take ci: milimita 70 ko 76, waɗansu tsofaffin na Ingila 65. Dogon harsashi yana shiga gajeriyar bindiga lafiya lau, domin bakinsa a naɗe yake. Sai an harba ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya yi wa bututun yawa. Gajere a doguwa ba laifi.

Na san za a ce ta maƙeri ta fi duka araha. Wani ɗan ƙungiyarmu ya sayar da gyaɗarsa ya sayi wadda aka yi da bututun famfo. Ta yi masa damina ɗaya. A ta biyu ta fashe, ta tafi da yatsunsa biyu na hagu, kuɗin asibiti ya fi kuɗin bindigar, ciyawa kuma ta cinye gonar da ya so ya tsare. Bututun famfo don ruwa aka yi shi. Ƙirar kuma ba bisa doka take ba.

Sau da yawa kuwa laifin ba na bindiga ba ne. Harsashi mai jikin takarda yakan kumbura da damina ya ƙi shiga ko ya ƙi tashi, sai a ajiye shi cikin gwangwani mai murfi. In ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakinta yana kallon ƙasa, ka ƙirga 30 kafin ka karya. Lamba 6 ya isa fakara da zomo, 4 don zabon daji, BB don abin da ya fi su. Bayan yadi 35 ƙwayoyin sun watse, rauni kawai za ka yi wa dabba ta tafi ta mutu a banza. In ka faɗi a fadama, leƙa bututun kafin ka sāke harbi, gama laka kaɗan a baki ta isa ta fasa sabuwar bindiga. Ka dawo gida, cire harsashi tun a ƙofa, goge ciki da tsumma da ɗan mai, ka kulle bindiga dabam, harsashi dabam, inda yara ba su kaiwa.